Tawagogin mishan a gidajen marayun Haiti: wa ke cin ribar ziyarar?

Me ya sa aikin da ido ke gani alheri ne tsantsa, wato mutum ya tara kuɗinsa, ya hau jirgi zuwa wata ƙasa, ya yi mako guda yana hidima a gidan marayu, ya zama abin da Majalisar Ɗinkin Duniya da wasu gwamnatoci, har da wasu majami'u, suke cewa a yi hattara da shi? Duk mai hawa Facebook ko Instagram ya san hoton: matasan Turawa cikin riguna iri ɗaya masu ɗauke da sunan cocinsu, yara sun maƙale musu a wuya ana dariya. Masu kallo a wajenmu sukan rabu biyu. Wasu su ce ga masu tausayi nan, ina ma namu masu kuɗin za su yi koyi. Wasu su ce ba komai ba ne illa dabarar sauya wa yara addini. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin tambaya shi ne su wane ne yaran, ta wace hanya suka shigo gidan, kuma ina kuɗin ziyarar yake tafiya. Babu inda amsar ta fito fili kamar Haiti.

Wace irin tafiya ce wannan?

Mishan ɗin da kakanninmu suka sani shi ne wanda zai zo ya zauna shekaru, ya koyi harshe, ya buɗe asibitin kutare ko makaranta, wani ma a binne shi a ƙasar. Tawagar gajeren zango daban take. Coci ko makaranta ce ke haɗa mutum goma ko ashirin, akasari ɗalibai lokacin hutu, kowa ya nemi kuɗin tafiyarsa daga 'yan uwa da baikon coci, su je su yi mako ɗaya ko biyu su dawo. Ƙungiyoyi irin su Operation Mobilisation, wadda ta faro a ƙarshen shekarun 1950, da Youth With A Mission, wadda aka kafa a 1960, su suka buɗe wa matasa wannan ƙofa, arahar jirgi kuma ta faɗaɗa ta. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow na Jami'ar Princeton ya ƙiyasta a tsakiyar shekarun 2000 cewa Amurkawa kusan miliyan 1.6 ne ke irin wannan fita kowace shekara.

Dalilinsu a addini ba ɓoyayye ba ne. Wasiƙar Yakubu 1:27 a Littafi Mai Tsarki ta sanya kula da marayu da matan da mazansu suka mutu a cikin ainihin ibada ta gaskiya. Musulmi ma ya san matsayin da aka yi wa mai ɗaukar nauyin maraya alkawari a Aljanna, don haka niyyar ba baƙuwa ba ce ga kowa a cikinmu. Idan sun isa, sukan yi fenti, su gyara rufi, su koyar da waƙoƙi da labaran Littafi Mai Tsarki, su raba tufafi da kayan wasa, su yi wasa da yara.

Haiti ta zama babbar matattararsu saboda kusanci. Daga Miami a Amurka zuwa Port-au-Prince, babban birnin Haiti, tafiyar kusan awa biyu ce a jirgi, ga talauci da ba ya buƙatar a nuna wa mutum da yatsa.

Yaran da ke ciki, marayu ne?

Asusun UNICEF yana lissafa duk yaron da bai kai shekara 18 ba da ya rasa uwa, ko uba, ko duka biyun a matsayin maraya. Da wannan ma'auni aka samu adadin miliyan 140 a duniya a 2015, adadin da ake yawan ambata a wajen neman gudummawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kusan miliyan 15 ne kawai daga cikinsu suka rasa iyaye biyu, kuma mafi yawan waɗannan ma suna hannun kaka ko gwaggo ko kawu.

A Haiti ana ƙiyasta yara kusan 30,000 a gidaje sama da 750, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari suna da aƙalla uwa ko uba a raye. To me ya kai su can? Makaranta ce kan gaba. Mafi yawan makarantun firamare a Haiti ba na gwamnati ba ne, na kuɗi ne. Uwa mai 'ya'ya biyar da ke sayar da gawayi ko mangwaro a bakin titi, idan aka zo aka ce mata a kawo biyu, za su ci sau uku a rana, su sa yunifom, su koyi Turanci, har wani Bature ya ɗauki nauyinsu, da wuya ta ce a'a. Ba jefar da su ta yi ba. A ganinta makarantar kwana ta kai su. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan lissafi ba, don ya san uban da ke raye lafiya lau amma ya miƙa ɗansa wani gari saboda karatu da kuma rage bakunan da ke gida.

Yadda kuɗi ke cika gadaje

Nan ne zuciyar maganar. A 2017 ƙungiyar Lumos, mai fafutukar mayar da yara cikin iyali, ta bi diddigin kuɗin da ke shiga gidajen marayun Haiti daga waje. Ta gano kusan dala miliyan 70 a shekara, kuma wannan na kashi ɗaya bisa uku ne kawai na gidajen. Ta ƙiyasta jimillar ta haura dala miliyan 100. Kusan duk masu bayarwar daga Amurka suke, kuma galibinsu majami'u ne da ƙungiyoyin addini. Raba miliyan 100 ga yara 30,000, kowane yaro zai tashi da fiye da dala 3,000 a shekara, a ƙasar da a lokacin abin da mutum ɗaya ke samu a shekara bai kai dala 2,000 ba. Da kuɗin nan hannun uwar ya shiga, da ta biya makarantar dukan 'ya'yanta ta kuma ƙara jari.

Amma ba hannunta yake shiga ba, gini yake bi. Coci a Texas ko Ohio yana son abin da zai iya nunawa: gida mai suna, gadaje, fuskokin yara, wurin da tawaga za ta sauka kowace bazara. Tawagar tana biyan kuɗin masauki da abinci da mota ga gidan, ta zo da akwatunan kaya, ta koma da hotuna, hotunan su jawo masu ɗaukar nauyin yaro wata-wata. Mai gidan ya fahimci cewa yawan yara shi ne yawan kuɗi, gado babu kowa kuwa asara ne. Daga nan sai a fara aika mutane ƙauyuka nemo yara. A wasu wuraren har takardun mutuwar iyaye ake ƙirƙira. Akwai ma gidajen da aka samu suna barin yara cikin tsumma da gangan, domin gidan da ya yi fes ba ya motsa zuciyar baƙo.

Ba Haiti kaɗai ba. A Kambodiya, binciken da UNICEF ta yi tare da gwamnati ya nuna gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, daidai lokacin da masu yawon buɗe ido ke ƙaruwa, alhali kusan yara uku cikin huɗu a gidajen suna da uwa ko uba. Yawan marayu ba shi ya jawo yawan gidaje ba. Yawan baƙi ne.

Kuɗin kuma ba ya tabbatar da kulawa. Lokacin da hukumar jin daɗin jama'a ta Haiti, IBESR, ta tantance gidajen, 35 kacal daga cikin 754 suka cika ƙa'ida, kuma a 2018 gwamnati ta hana buɗe sababbi. A daren 13 ga Fabrairun 2020 gobara ta tashi a wani gida da ke tsaunukan bayan Port-au-Prince, wanda ƙungiyar Church of Bible Understanding ta jihar Pennsylvania ke gudanarwa, mutum 15 suka mutu, akasarinsu yara. Ana kunna kyandir ne saboda babu wuta, gidan kuma ba shi da lasisi. Ƙungiyar tana da kasuwancin sayar da tsofaffin kayan gini mai kawo miliyoyin daloli a Amurka.

Motar da aka tsare a kan iyaka

Girgizar ƙasa ta 12 ga Janairun 2010 ta rusa Port-au-Prince, ta kuma kwararo da masu son taimako. Bayan makonni biyu da 'yan kwanaki, a ranar 29 ga wata, jami'an Haiti suka tsare Amurkawa goma 'yan Baptis, galibinsu daga jihar Idaho, suna ƙoƙarin tsallakawa Jamhuriyar Dominikan da yara 33 ba tare da takardu ba. Sun ce marayun girgizar ƙasa suke ceto. Da aka bincika, mafi yawan yaran suna da iyaye a raye, iyayen kuma suka ce sun miƙa su ne bisa alkawarin karatu da rayuwa mai kyau. An saki tara daga cikin baƙin a hankali, shugabarsu ta zauna a tsare har watan Mayu, aka same ta da laifin shirya tafiya ba bisa ƙa'ida ba.

Mutanen Chadi sun riga sun ga irin wannan. A Oktoban 2007 aka kama 'yan ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a Abeche suna shirin ɗaga yara 103 a jirgi, da sunan marayun Darfur ne. Yawancinsu 'yan Chadi ne masu iyaye. Kotu a Njamena ta yanke wa Faransawa shida hukuncin shekara takwas-takwas, aka mayar da su ƙasarsu, Shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa a Maris 2008. Wannan ƙungiya ba ta coci ba ce, abin da ke nuna cewa cutar ba ta wani addini ba ce. Cutar ita ce baƙo ya ga yaro matalauci ya yanke hukuncin ba shi da kowa.

Yaron da ke rungumar kowa

Tambayi duk wanda ya dawo daga irin wannan tafiya abin da ya fi taɓa shi, zai ce maka yaran. Tun daga ƙofa suka rugo, suka riƙe hannunsa, wata ta hau cinyarsa ta ƙi sauka. Yana ɗaukar wannan a matsayin ƙauna. Masana tarbiyyar yara suna ganinsa alamar rauni. Yaron da ya tashi a hannun mutum ɗaya tabbatacce yakan yi ƙyuya, ya ɓuya bayan zanen uwarsa idan ya ga baƙuwar fuska, kuma wannan lafiya ce. Wanda ke faɗawa jikin kowa shi ne wanda bai samu nasa mutum ba.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Romaniya. Bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Nicolae Ceaușescu, a 1989 duniya ta ga yara fiye da 100,000 a gidajen gwamnati. A farkon shekarun 2000 masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka ɗauki ƙananan yara 136 a Bukarest, aka raba su ta hanyar ƙuri'a: rabi aka ba su iyalan riƙo, rabi suka ci gaba da zama a gidajen. An bi su shekara da shekaru. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi a basira da magana da shaƙuwa, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu.

Yanzu a ɗora tawaga a kan wannan. Yaro ya riga ya rabu da uwarsa. Masu renonsa suna aiki ne bi-da-bi, albashinsu kaɗan, suna yawan barin aiki. Sai ga wata baƙuwa ta zo ta ɗauke shi, ta goya shi, ta ce tana ƙaunarsa, ran Asabar ta shiga mota tana kuka ta tafi. Mako mai zuwa wata ta zo. Ita baƙuwar sau ɗaya ta yi wannan rabuwa a rayuwarta, har za ta ba da shaida a kanta a coci. Shi yaron a gidan da tawagogi ke yawan sauka, abin da yake sha ke nan duk tsawon bazara. A ganina wannan ita ce illar da ta fi wuyar gyara, domin ba mugu ne ke yin ta ba, mutumin kirki ne, kuma da zuciya ɗaya.

Akwai kuma miyagun. Gidan da ya saba buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo da kuɗi ba ya binciken tarihin baƙo. A 2016 wata kotun Amurka ta yanke wa wani matashi ɗan jihar Oklahoma ɗaurin shekara 40 saboda lalata da yara a wani gidan marayu a Nairobi, inda ya je aikin sa kai na mishan a 2014.

Abin da masu kare tafiyar ke cewa

Ba su rasa hujja ba, kuma bai dace a wuce ta da sauri ba. Na farko, suna cewa Romaniya ba ita ce duniya ba. Gidajen Ceaușescu jarirai ne jere a gadajen ƙarfe babu mai ɗauka, ba za a kwatanta su da ƙaramin gida mai yara ashirin da uwar ɗaki tsayayya ba. A 2009 Kathryn Whetten ta Jami'ar Duke ta fitar da bincike kan yara kusan 3,000 masu shekara 6 zuwa 12 a Kambodiya, Habasha, Indiya, Kenya da Tanzaniya. Ta samu cewa na gidajen marayu ba su gaza takwarorinsu da ke hannun dangi ba a lafiya da basira. Binciken bai shafi jarirai ba, kuma bai wanke zirga-zirgar baƙi ba, amma ya isa ya hana mutum cewa kowane gida kurkuku ne.

Na biyu, hannun dangi ba aljanna ba ne. Haiti tana da al'adar da suke kira restavèk, inda matalauta ke ba da yaro ga masu ɗan hali a birni, ya ƙare yana ɗiban ruwa da wanke-wanke ba makaranta. Duk wanda ya san yadda wani riƙon ke kasancewa a gidajenmu zai gane cewa mayar da yaro ga dangi ba tare da sa ido ba na iya zama fitar da shi daga rana zuwa wuta.

Na uku, suna cewa wanda ya gani da idonsa shi ke ci gaba da bayarwa. Wannan ce hujjar da ta fi rauni. Kurt Ver Beek, malami a Kwalejin Calvin da ya daɗe yana zaune a Honduras, ya bi sawun tawagogin da suka je gina gidaje bayan guguwar Mitch ta 1998. Abin da tawaga ta kashe kan gida ɗaya ya kai kusan dala 30,000, galibi a tikitin jirgi da masauki, alhali ƙungiyoyin ƙasar na gina irinsa da dala 2,000. Ya kuma ga cewa bayarwar mahalartan bayan sun koma gida ba ta ƙaru wani abin a zo a gani ba. Magina da masu fenti na garin kuwa, aikin da za a biya su ne baƙo ya zo ya yi kyauta.

Batun sauya addini

A Haiti wannan ba shi ne babban batu ba, domin mafi yawan mutanen ƙasar Kiristoci ne tun asali, Katolika da Furotesta. A ƙasashen da addinai suka cakuɗa, damuwar gaskiya ce, kuma dokar duniya ta san da ita. Sashe na 20 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya ce idan za a nema wa yaro wata kulawa a wajen gidansu, a yi la'akari da addininsa da harshensa da al'adarsa, har ya ambaci kafala ta Musulunci cikin hanyoyin da aka yarda da su. Uwar da yunwa ta sa ta miƙa ɗanta ba a ce ta zaɓar masa addini da yardarta ba.

Sai dai kada mu tsaya a nan mu ji daɗi. Tsarin da ke sa kuɗi ya bi gini maimakon iyali ba ya tambayar addinin mai bayarwa. A biranenmu ma ya zama yayi a yi bikin ranar haihuwa ko rabon azumi a gidan marayu, a jera katan-katan na taliya, a tsayar da yara a ɗauki hoto a sa a intanet. Bazawarar da ke riƙe da marayu huɗu a ɗakin haya a bayan layi ba ta da allon suna a ƙofa, don haka ba mai zuwa wajenta.

Inda duniya ta dosa

A 2018 Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu don neman kuɗi a matsayin nau'in bautar zamani. A wannan shekarar rahoton ma'aikatar harkokin wajen Amurka kan fataucin mutane ya ware sashe kan batun. A ranar 18 ga Disamban 2019 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su fifita kulawa cikin iyali, su kuma magance illar aikin sa kai a gidajen marayu. Ruwanda tana cikin na gaba-gaba a Afirka: a 2012 ta ƙirga yara 3,323 a gidaje 33, ta fara mayar da su ga dangi da iyalan riƙo, tare da ma'aikatan jin daɗin jama'a masu bibiya.

A cikin majami'un Amurka ma murya ta fara sauyawa. Ƙungiyoyi irin su Faith to Action suna jan hankalin coci-coci su karkatar da gudummawa zuwa kuɗin makaranta, jarin iyaye da horar da iyalan riƙo, idan kuma tawaga za ta je, ta je ta tallafa wa ma'aikatan wurin ba ta ɗauki jarirai ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ƙwararren likita ko mai koyar da yara masu naƙasa da zai horar da ma'aikata yana da amfani. Ɗalibi ɗan shekara 17 da ba ya jin Kiriyol, harshen mutanen Haiti, wanda a ƙasarsu ba za a bar shi ya shiga gidan renon yara ba sai da bincike, zai fi amfani idan ya aika kuɗin tikitinsa. Aikin yana da nisa, domin wani binciken kamfanin Barna da aka fitar a 2021 ya ƙiyasta Kiristocin Amurka na ba gidajen marayu kusan dala biliyan 2.5 a shekara.

Da baƙin suka daina zuwa

Haiti ta shiga gwajin da ba wanda ya shirya. Annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye a 2020. A Oktoban 2021 'yan dabar 400 Mawozo suka sace mutum 17 na ƙungiyar Christian Aid Ministries, biyar daga cikinsu yara, a hanyarsu ta dawowa daga ziyarar wani gidan marayu, na ƙarshensu ba su kuɓuta ba sai a Disamba. A Mayun 2024 'yan daba suka kashe wasu matasan ma'aurata 'yan mishan daga Amurka tare da shugaban ƙungiyarsu ɗan Haiti a Port-au-Prince. A Nuwamban shekarar hukumar jiragen saman Amurka ta hana jiragen ƙasar sauka a babban birnin bayan an harbi jirage.

Gidan da ya gina kasafinsa a kan kuɗin masaukin tawagogi ya rasa wannan ƙofa, yaran kuma suna nan. Waɗanda aka ajiye sunayen ƙauyukansu da na iyayensu ana iya neman danginsu. Waɗanda aka shigar da su a matsayin marayu alhali ba marayu ba ne, aka sauya musu suna ko aka ɓatar da takardunsu, nemo danginsu aiki ne na watanni ga ma'aikacin jin daɗin jama'a, kuma ba irin aikin da coci ke samun mai ɗaukar nauyinsa cikin sauƙi ba ne. Yaron da ya cika shekara 18 a irin wannan gida ana sallamarsa ne zuwa garin da ba shi da gona, ba shi da kawu, ba shi da wanda zai tsaya masa wajen neman aiki ko aure, kuma a lokacin masu ɗaukar nauyinsa sun koma kan wani ƙaramin yaro.